Harold Hurst: Masanin da ya shafe shekara 62 yana auna Kogin Nilu, ya gano cewa fari jere yake zuwa

Harold Edwin Hurst masanin ruwa ne ɗan Ingila da ya yi wa gwamnatin Masar aikin auna Kogin Nilu na tsawon shekara 62, har mutanen ƙasar suka laƙaba masa Abu Nil, wato Uban Nilu. An haife shi a 1880, ya rasu a 1978.

Sunansa ya shiga littattafan kimiyya ne saboda abu guda da ya tabbatar da alƙaluma: shekarun fari da shekarun yalwa ba sa zuwa a warwatse kamar faɗuwar ƙuri'a, jere suke yi. Idan aka shiga fari, yakan daɗe fiye da yadda lissafin injiniyoyin zamaninsa ya nuna. Ke nan madatsar ruwan da aka gina bisa wancan lissafi tana iya ƙafewa a daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Wannan magana ta shafi duk mai rayuwa da ruwan gulbi, daga manomin rani a bakin tafkin Madarunfa da ke jihar Maraɗi zuwa mai lambu a ƙarƙashin madatsar Jibiya ko ta Goronyo. Tsofaffin manoma sun daɗe da sanin cewa fari ba ya zuwa shi kaɗai. Hurst ne ya mayar da wannan sani lissafin da za a iya ƙayyade girman madatsa da shi.

Ɗan magini da ya bar makaranta yana da shekara 15

An haifi Hurst ranar 1 ga Janairun 1880 a kusa da birnin Leicester da ke tsakiyar Ingila. Mahaifinsa magini ne a ƙauye, ba mai hali ba. Yaron ya bar makaranta yana da shekara 15, abin da ya fita da shi kuwa shi ne ɗan ilimin haɗa sinadarai da kuma aikin kafinta da ya koya a hannun mahaifinsa.

Ya kama koyarwa a wata makaranta a Leicester, da yamma kuma yana zuwa ajin manya don ƙara ilimi. Yana da shekara 20 ya ci tallafin karatu zuwa Jami'ar Oxford, inda daga baya ya shiga kwalejin Hertford ya karanci kimiyyar fiziks.

Babbar matsalarsa a jami'a ita ce lissafi, domin bai sami tushe mai ƙarfi a kansa ba tun yana yaro. Abin da ya cece shi shi ne iya aikin hannu a ɗakin gwaji. Ya kammala da daraja ta ɗaya, abin da ya ba mutane da yawa mamaki, jami'ar kuma ta riƙe shi shekara uku yana koyarwa yana nuna wa ɗalibai gwaje-gwaje.

Wannan rashin zurfi a lissafi ya bi shi har tsufansa, kuma ya yi tasiri a kan salon aikinsa. Inda wasu za su fara da ƙa'idar da ke cikin littafi, shi yakan fara ne da awo, ya tara alƙaluma, sannan ya duba abin da suke nunawa.

Daga igwar tsakar rana zuwa bakin kogi

A 1906 Hurst ya tafi Masar, wadda a lokacin take ƙarƙashin ikon Birtaniya, ya kama aiki a Sashen Safiyo na gwamnati. Niyyarsa ya ɗan yi shekaru kaɗan ya koma gida.

Cikin ayyukansa na farko akwai aika sahihin lokaci daga cibiyar duba taurari zuwa ganuwar sojan Alƙahira, inda ake harba igwa da ƙarfe 12 na rana domin jama'a su daidaita agogonsu. Ya kuma yi aikin auna maganaɗisun ƙasa a sassan Masar da Sudan.

Sai dai a Masar kowace hanya tana ƙarewa ne a bakin Nilu. Ƙasar kusan ba ta samun ruwan sama, abin da take ci da abin da take sha duk daga kogin suke, kogin kuma daga wasu ƙasashe yake zuwa. Kimanin kashi 85 cikin 100 na ruwan da ke isa Aswan a kudancin Masar daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, mafi yawansa cikin 'yan watannin damina. Sauran yana fitowa ne daga manyan tafkunan gabashin Afirka, musamman Tafkin Victoria, ya bi ta wata makekiyar fadama a Sudan ta Kudu ta yau da ake kira Sudd, inda kusan rabinsa ke tafiya a iska saboda zafin rana.

A 1915 aka kafa wani sashe a Ma'aikatar Ayyuka ta Masar da aka ɗora wa alhakin awon ruwa da hasashen yanayi da ma'aunai. Hurst ne ya jagorance shi har zuwa 1946.

Yadda ake auna kogi

Aikin da ya ci rayuwar Hurst ba shi da wani armashi a ido. Ana kafa allo mai lambobi a bakin kogi, a ɗauki mutum ya riƙa zuwa kullum yana karanta inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi. Lokaci zuwa lokaci sai ma'aikata su shiga kwalekwale da wata na'ura mai farfela, su nutsa ta a wurare daban-daban daga wannan gaɓa zuwa waccan, su auna saurin ruwan da zurfinsa. Da waɗannan ake gane yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Idan aka maimaita awon a lokacin cika da lokacin ja da baya, sai a sami jadawalin da ke fassara tsayin ruwa a jikin allo zuwa yawan ruwa.

Jadawalin kuwa ba ya dawwama. Kogi yana cin gaɓarsa, yana tara yashi, yana sauya hanya, don haka dole a riƙa sake awo. Kuma idan aka yi shekara biyu ko uku babu mai karanta allon, wannan giɓi ya tafi ke nan, domin ruwan da ya wuce ba ya dawowa a auna shi.

Ana ƙidaya ruwan kogi da kubik mita. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, kwatankwacin durom biyar na masu lita 200.

Hurst ya yi ta bin kogin har zuwa tushensa domin faɗaɗa tashoshin awo da duba ingancinsu. Ya yi tafiya a jirgin ruwa, ya yi a ƙafa tare da 'yan dako, ya yi a keke, daga baya a mota da jirgin sama. A shekarun 1920 ya zagaya yankin manyan tafkuna a Yuganda da maƙwabtanta. Karatun allunan da ke can sama, irin na Roseires a kan reshen da ke fitowa daga Habasha, ana aiko shi ta wayar tangaraho, Alƙahira ta san irin ambaliyar da ke tafe kafin ta iso.

Abin da aka tara an wallafa shi cikin jerin littattafai masu suna The Nile Basin. Juzu'i na farko ya fito a 1931, Hurst ya rubuta shi tare da abokin aikinsa P. Phillips. Har yau duk mai nazarin Nilu, ko injiniya ne ko mai zaman sulhu tsakanin ƙasashe, yana komawa ga waɗannan littattafai.

1913, shekarar Kakalaba

Matsakaicin ruwan da Nilu ke kaiwa Aswan a shekara, bisa awon rabin farko na ƙarni na 20, kubik mita biliyan 84 ne. Amma matsakaici ba shi ke zuwa kowace shekara ba. A ambaliyar 1878 zuwa 1879 kogin ya kawo kimanin biliyan 150. A 1913 zuwa 1914, Hurst na da shekara bakwai a ƙasar, bai kai ko biliyan 50 ba.

Wannan shekara sananniya ce a ƙasar Hausa. Ita ce ta yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta yi ɓarna daga Kano da Katsina har zuwa Damagaram. Daminar da ta ƙi a tsaunukan Habasha ita ce ta ƙi a nan, domin yankunan biyu suna kan ɗamara guda ta ruwan sama da ta ratsa Afirka daga gabas zuwa yamma.

A lokacin Masar na da madatsa a Aswan, wadda aka kammala a 1902, aka ƙara mata tsayi a 1912 da kuma farkon shekarun 1930. Aikinta shi ne riƙe ƙarshen ruwan ambaliya a sake shi da bazara domin gonakin auduga. Ko bayan ƙarin tsayi na biyu, abin da take ɗauka bai wuce kubik mita biliyan 5 ba. Tana raba ruwan shekara guda ne tsakanin watanni. Ba ta iya ɗauko ruwan shekarar yalwa ta kai shi shekarar fari.

Hurst ya lura da wani abu kuma. Shekaru talatin na ƙarshen ƙarni na 19 Nilu ya yi ta cika fiye da kima, sannan daga 1899 ya koma ƙasa ya zauna a can shekara da shekaru. Wanda ya yi lissafi da alƙaluman zangon farko kaɗai zai yi wa manoma alƙawarin ruwan da babu shi.

Shirin ajiyar shekara ɗari

A 1946, shekarar da ya yi ritaya daga shugabancin sashen, Hurst da abokan aikinsa biyu, R. P. Black da injiniya ɗan Masar Y. M. Simaika, suka fitar da juzu'i na bakwai na The Nile Basin. A ciki suka kawo shirin da aka sani da ajiyar shekara ɗari: a tanadi ruwa mai yawan da zai sa a riƙa sakin adadi guda kowace shekara har tsawon ƙarni, ko an yi yalwa ko an yi fari.

Shawararsu ita ce a mayar da Tafkin Victoria da Tafkin Albert da Tafkin Tana na Habasha manyan rumbunan ruwa, domin a can ruwa ba ya saurin tafiya a iska kamar a hamadar Aswan. Sannan a haƙa wata hanyar ruwa, wadda aka sani da Jonglei, ta kauce wa fadamar Sudd.

An tsara shirin ne da idon Masar, kuma wannan shi ne babban abin da aka soke shi a kai. Ƙasashen da za a ajiye ruwan a cikinsu yawancinsu suna hannun 'yan mulkin mallaka, ba a nemi ra'ayin mutanensu ba. Makiyayan Dinka da Nuwer da Shilluk suna kiwon rani ne a ciyawar da ambaliyar Sudd ke bari, yadda Fulani ke sauka fadama idan kaka ta wuce. Ruwan da takardun Alƙahira suka ƙidaya a matsayin asara shi ne abincin shanunsu.

Kaɗan daga cikin shirin ne ya tabbata. An kammala madatsar Owen Falls a mafitar Tafkin Victoria a 1954. An fara haƙar Jonglei a 1978, yaƙin basasar Sudan ya tsayar da ita a 1984.

Lissafin rumbu

Shirin ya bar Hurst da tambaya guda: yaya girman ma'ajiyar zai kasance?

Misalin rumbu zai fayyace ta. A ce wani gida yana son ya riƙa cin adadin hatsi guda kowace shekara, daidai da matsakaicin abin da gonarsa ke bayarwa. Shekarar da aka sami fiye da haka, rarar ta shiga rumbu. Shekarar da aka gaza, a ɗebo daga ciki. Girman rumbun da ake bukata shi ne tazarar da ke tsakanin lokacin da ajiyar ta fi tashi da lokacin da ta fi sauka. Idan shekarun kirki da na tsiya suna karɓa-karɓa, ƙaramin rumbu ya isa. Idan kuwa bakwai na yalwa za su zo a jere, bakwai na fari su biyo, sai babba.

Ƙa'idar lissafi ta lokacin ta ɗauka cewa kowace shekara cin gashin kanta take, kamar jefa kwabo sama, inda faɗuwar yanzu ba ta da alaƙa da ta ɗazu. A wannan ƙa'ida, girman ma'ajiya yana ƙaruwa da tsawon shekaru bisa wani ma'auni da darajarsa take 0.5. A aikace, wanda ya tsara ma'ajiyar shekara 10 yana son ta shekara 100 zai ninka ta sau uku da 'yan kai.

Hurst ya gwada wannan da alƙaluman Nilu, bai yi daidai ba. Masar kuwa ta ba shi abin gwaji da babu kamarsa a duniya. A tsibirin Rauda da ke tsakiyar Alƙahira akwai wata rijiya mai ginshiƙin marmara a tsakiyarta, an yi masa zane-zanen kamu, a da ruwan kogi yakan shiga ta ƙarƙashi. An gina ta a 861, zamanin Halifa al-Mutawakkil na Abbasiyawa. A wancan zamani, idan ruwa ya kai kamu 16, an san shekarar za ta yi kyau, da haka ake yanka haraji. Bayanan tsayin kogin da marubutan tarihi suka adana sun faro tun daga 622, kuma Yarima Umar Tusun na gidan sarautar Masar ya tattara su ya wallafa a 1925. A cikinsu ana ganin zanguna masu tsawo na cika da na ƙaranci. Tarihin ƙasar ma ya riƙe yunwar shekara bakwai, daga 1065 zuwa 1072, zamanin Halifa al-Mustansir na Faɗimiyawa, lokacin da ƙarancin ruwa ya haɗu da rikicin soja.

Hurst bai tsaya a Nilu ba. Ya tattaro jerin alƙaluma kusan 690 na abubuwa iri 75: ruwan sama, tsayin koguna da tafkuna, zafi da sanyi, kaurin zoben da itace ke ƙarawa kowace shekara, kaurin laka da ke kwanciya a ƙasan tafki, har da ɗigon da ke fitowa a fuskar rana. Duk da hannu aka yi lissafin, babu kwamfuta. Matsakaicin ma'aunin da ya samu shi ne 0.73.

Bambancin 0.5 da 0.73 ƙarami ne a takarda, amma babba ne a ƙasa. Da 0.73, ma'ajiyar shekara 100 sai ta ninka ta shekara 10 fiye da sau biyar.

Don ya tabbatar ba kuskuren lissafi ba ne, tsohon kafintan ya koma ga aikin hannu. Ya yi ta jefa sulalla yana rubuta sakamako, ya ga sun bi tsohuwar ƙa'ida. Sannan ya haɗa wata karta ta musamman mai lambobi, ya tsara yadda za a riƙa karkata ta zuwa manyan lambobi ko ƙanana na wani lokaci kafin a sake cuɗa ta. Da ya yi ta yankan wannan karta, sai ta ba da sakamako irin na koguna.

Ya wallafa binciken a 1951 a mujallar ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka, yana da shekara 71. A 1965, shi da Black da Simaika suka faɗaɗa shi zuwa littafi.

Babbar madatsar Aswan

Siyasa ta sauya wurin ajiyar. Bayan juyin mulkin 1952, sabbin shugabannin Masar ƙarƙashin Jamal Abdul Nasir ba su yarda ruwan ƙasarsu ya zauna a tafkunan da wasu ke iko da su ba. Sai suka rungumi shawarar wani masanin noma, Adrian Daninos, ta gina ƙatuwar madatsa guda a Aswan.

Amurka da Birtaniya sun janye alƙawarin kuɗin aikin a 1956, Nasir ya mayar da mashigin ruwan Suez hannun gwamnati, aka yi yaƙi, daga baya Tarayyar Sobiyet ta ɗauki nauyin ginin. Duk da wannan tsamin dangantaka da ƙasarsa, Hurst ya ci gaba da ba Ma'aikatar Ayyuka ta Masar shawara, kuma da lissafinsa aka yi amfani wajen ƙayyade yawan ruwan da tafkin zai riƙe.

An fara ginin a 1960, aka kammala a 1970. Tafkin Nasir yana ɗaukar kubik mita biliyan 160 da ɗoriya, kusan ruwan Nilu na shekara biyu. Biliyan 90 daga ciki an ware su ne domin ajiyar shekaru masu tsawo. Yarjejeniyar 1959 ta raba biliyan 84 ɗin nan: Masar 55.5, Sudan 18.5, sauran 10 kuma rabon rana da iska. Habasha, inda mafi yawan ruwan ke fitowa, ba ta cikin yarjejeniyar, kuma wannan na daga cikin tushen taƙaddamar da ake yi kan babbar madatsar da ta fara ginawa a 2011.

Madatsar ta zo da nata farashi. An tashi 'yan ƙabilar Nuba kimanin 100,000 daga garuruwansu a Masar da Sudan, tsohon garin Wadi Halfa ya nutse, lakar da kogin ke shimfiɗa wa gonaki duk shekara kuma ta koma tana kwanciya a ƙasan tafki.

Sunan Annabi Yusuf a littafin lissafi

Masana lissafi sun yi shekaru suna kai-komo da sakamakon Hurst, domin ƙa'idojinsu sun ce a ƙarshe dole ma'aunin ya koma 0.5. Wanda ya buɗe hanya shi ne Benoit Mandelbrot, masanin lissafi a kamfanin IBM. A 1968 shi da James Wallis suka fitar da maƙala inda suka raba halin ruwa gida biyu. Zuwan ambaliya guda da ta wuce duk abin da aka saba gani suka danganta shi da sunan Annabi Nuhu (AS). Jeruwar shekarun yalwa da na fari kuma suka ba ta sunan Annabi Yusuf (AS), saboda fassarar mafarkin sarkin Masar da tanadin hatsin da ya biyo baya. Mandelbrot ne ya sa wa ma'aunin harafin H, kuma har yau da sunan Hurst ake kiransa.

Daga nan ma'aunin ya fita daga bakin kogi. Ana amfani da shi wajen nazarin sauyin yanayi da hawa da saukar farashi a kasuwannin hannun jari. A farkon shekarun 1990 injiniyoyin sadarwa suka gano cewa cunkoson bayanai a layukan kwamfuta ma yana zuwa ne a dunƙule, irin yadda Hurst ya gani a Nilu.

Masana na ci gaba da muhawara kan dalilin wannan hali. Wasu na danganta shi da ruwan da tafkuna da ƙarƙashin ƙasa ke riƙewa daga shekara zuwa shekara, wasu da sauyin zafin tekuna wanda ke ɗaukar shekaru kafin ya juya.

Gwajin da ya zo bayan rasuwarsa

Tun yana raye kogin ya nuna masa ɓangare guda na abin da ya faɗa. Daga 1961 zuwa 1964 Tafkin Victoria ya tashi da kimanin mita biyu da rabi, ya kuma daɗe bai koma inda yake ba.

Ɗaya ɓangaren ya zo ne shekara guda bayan rasuwarsa. Daga 1979 zuwa 1987 Nilu ya yi ta zuwa da ƙarancin ruwa kusan shekara bayan shekara. A tsakiyar wannan zango aka yi yunwar Habasha ta 1984 zuwa 1985, aka yi wadda mutanen Nijar ke kira El Buhari, kuma a watan Yunin 1985 Kogin Neja ya daina gudu a Yamai. Masar ta ci gaba da noma daga ajiyar Tafkin Nasir. Zuwa tsakiyar 1988 tafkin ya sauka har ya kusa kai matakin da injinan lantarki za su tsaya, sai babbar ambaliyar wannan damina ta sake ɗaga ruwansa sosai.

Abin da ya shafi Gulbin Maraɗi

Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga arewacin Najeriya, ya shiga Nijar ta kudancin Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu. Tafkin Madarunfa, wanda shi ne ruwa mafi girma da ba ya ƙafewa a jihar Maraɗi, yana rayuwa ne da abin da gulabe ke kawo masa cikin waɗannan 'yan watanni, masunta da masu lambu da makiyaya kuma suna rayuwa da shi.

Gulbin ya nuna halayen nan biyu. A 1945 ambaliyarsa ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har aka mayar da garin kan tudu. Sannan yankin Sahel baki ɗaya ya sami damina mai albarka a shekarun 1950 da farkon 1960, daga ƙarshen 1960 kuma ya shiga zangon ƙarancin ruwa da ya haura shekara ashirin, mafi tsananinsa a 1972 zuwa 1974 da kuma 1983 zuwa 1984. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya rasa mafi yawan ruwansa cikin wannan zango.

Yawancin tashoshin awon ruwa na yankin, ciki har da na kan Gulbin Maraɗi a Nyelwa da Madarunfa, masanan cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM ne suka kafa su a shekarun 1950 da 1960, wato a tsakiyar yalwa. Alƙaluman farko da aka samu na shekarun daɗi ne, kuma irin wannan gajeren tarihi shi ne Hurst ya nuna haɗarin dogaro da shi. Farin 1970 ne ya sa ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, domin bibiyar ruwan sama da koguna da amfanin gona tare da horar da ma'aikata.

Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, mai ɗaukar kubik mita miliyan 142, yawan ruwan da ke isa Madarunfa da lokacin isarsa sun zama batun ƙasashe biyu. Yarjejeniyar da Najeriya da Nijar suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kansa ta ambaci wannan gulbi, ta kuma ɗora wa kowane ɓangare tattara bayanai da miƙa su ga hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu. Rabon yana bukatar sanin abin da gulbin ke kawowa a shekarar yalwa da a shekara ta biyar ta fari, wannan kuwa sai da allo a bakin ruwa da mai karanta shi kullum.

Ƙarshen rayuwarsa

Hurst ya rubuta wa jama'a littafi mai suna The Nile a 1952, inda ya bayyana kogin da mutanensa da ayyukan ban ruwa cikin harshe mai sauƙi. Juzu'i na goma na The Nile Basin, wanda ya yi bayanin manyan ayyukan da aka tsara a kan kogin, ya fito a 1966, yana da shekara 86.

Ya ajiye aikin ba gwamnatin Masar shawara a 1968, shekara 62 bayan saukarsa ƙasar da niyyar ɗan gajeren zama. Ya rasu a Ingila ranar 7 ga Disambar 1978, saura makonni kaɗan ya cika shekara 99.